Kangona a Babbar Kotu: yadda hukuncin alƙalan da suka shuɗe ya raba mu

Kangon tsohon gida ne a wata unguwa da gari ya daɗe da haɗiyewa. Magada ne suka sayar mini. Mahaifinsu ya gina shi tun kafin yaƙin basasa, ɗakunan ƙasa duk sun zube, abin da ya rage sai guntun katanga da rijiya da wata tsohuwar darbejiya. Mun yi ciniki yadda aka saba: dillali ya haɗa mu, mai unguwa ya sa hannu da hatimi, shaidu suka sa nasu, na tura kuɗi ta banki, aka ba ni takardar ciniki. Na kewaye wurin da bulo, na sa ƙofar ƙarfe, na ajiye wani dattijo yana gadi yana shuka alayyafo a gefen rijiyar. Ana nan sai wani bawan Allah ya turo tifar yashi, yaransa suka fasa katangar ta gabas, ya ce wurin nasa ne, kuma yana da satifiket ɗin mallaka na gwamnati.

Mun zauna gaban mai unguwa, mun zauna gaban dagaci, bai sauko ba. Ni a tunanina kotun alƙali za mu, a rantsar da shaidu a gama. Lauyan da na ɗauka ya ce a'a. Tunda wurin cikin birni yake, ga kuma satifiket a tsakani, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce Babbar Kotun jiha ce ke da hurumi. Sai ya jawo takardar cinikina ya duba gaba da baya, ya ce, "Alhaji, wannan takarda ba a yi mata rajista ba, ba kuma izinin gwamna. Nan za su kama mu. Amma ba a nan shari'ar za ta ƙare ba."

Abin da ya fara ɗaure mini kai a ofishinsa shi ne littattafai. Bango guda cike da kundaye masu kama ɗaya, lamba bayan lamba. Na zaci dokokin ƙasa ne. Ya ce ai dokokin ba su kai rubu'in wannan ba, waɗannan hukunce-hukunce ne da Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka yanke, ana tattara su ana bugawa mako-mako. Marigayi Gani Fawehinmi ne ya fara fitar da wannan jerin a 1985. Na ce to me ya haɗa ni da rigimar wasu? Ya yi dariya ya ce, "Rigimar wasu ita za ta ba ka kangonka ko ta hana ka."

A hankali na gane tsarin. Shari'ar da Babbar Kotu ke bi gadon Ingila ce. Can a ƙarni na 12, zamanin sarki Henry na biyu, alƙalan sarki suka riƙa zagaya ƙasar suna yanke hukunci, suna komawa su kwatanta abin da suka yi, har ya zama idan magana iri ɗaya ta sake tasowa sai a bi abin da aka yanke a baya. Daga nan ƙa'ida ta kafu: hukuncin kotun sama ya zama tilas ga ta ƙasa. Alƙalin Babbar Kotu ko da yana ganin Kotun Ƙoli ta yi kuskure, ba shi da ikon kauce mata, sai dai ya nuna cewa maganar da ke gabansa ta sha bamban da waccan. Mu kuma dokokinmu suka ce kotuna su yi aiki da wannan gado na hukunce-hukunce, da ƙa'idojin adalci da wata kotun Ingila ta daban ta gina don sassauta tsaurin na farkon, da kuma manyan dokokin da ke aiki a Ingila ran 1 ga Janairun 1900. Ranar ke nan da Lugard ya kafa tuta a Lokoja ya ce Arewa ta shiga hannun Ingila. A lokacin ko Kano ba su ci ba, sai 1903, amma ga shi ranar tana nan daram cikin dokokinmu har yau.

Wani abokin kasuwancina ɗan Maraɗi da na ba shi labari ya yi ta mamaki. Su can gadon Faransa suka ci, alƙali kundin doka yake buɗewa ya nemi sashen da ya dace, hukuncin wata kotu a baya yana iya haska masa hanya amma bai ɗaure shi kamar yadda yake ɗaure namu ba. A kotun alƙali kuwa, wadda muka fi sabawa da ita, littattafan fiƙihun Malikiyya ake komawa. Ga mu dai Hausawa ɗaya, Katsina da Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i, amma rigimar fili iri ɗaya hanyarta uku. Barista ya ƙara mini da cewa a ɓangaren laifi abin ba haka yake ba: kundin tsarin mulki ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a rubuta shi cikin doka tare da horonsa ba. Wato alƙali ba ya ƙirƙiro laifi. Amma a rigingimun dukiya da ciniki da alkawari, hukuncin magabata na da faɗi ƙwarai.

Matakin farko duk rubutu ne. Aka shirya sammaci, da bayanin abin da nake nema, da jerin takardun da zan dogara da su, sannan kowane shaida aka rubuta abin da zai faɗa ya je gaban jami'in rantsuwa ya sa hannu. Ba a ɓoye wa abokin shari'a komai, tun farko kowa ya san makamin ɗan'uwansa. Muka biya kuɗin shigar da ƙara a rajista, masinjan kotu ya kai masa sammaci. A lokaci guda Barista ya roƙi kotu ta hana kowa taɓa wurin har a gama. Wannan umarnin dakatarwa yana cikin abubuwan da waccan kotun adalci ta Ingila ta haifar, kuma shi ne ya tsayar da tifofin yashi. Da bai samu ba, da kafin a fara sauraron shaidu an kai gini linta.

Daga nan sai jira. A ɗage saboda lauyansa na wata kotu, a ɗage saboda mai shari'a ya tafi taro, a shiga hutun kotu na shekara. An tura mu sulhu, bai yiwu ba. Ba zan ɓata lokaci kan wannan ba, duk wanda ya taɓa shari'a ya san zaman bencin nan. A wannan zaman ne na sayi kundin tsarin mulki na 1999 wajen mai tallan littattafai a bakin ƙofar kotu, na riƙa dubawa ina tambayar Barista abin da ya shige mini duhu.

Kafin a fara shaida ya zaunar da ni ya ce abu biyu zan riƙe. Na ɗaya, wanda ya kawo ƙarar mallakar ƙasa da ƙarfin hujjarsa zai ci, ba da raunin ta abokin shari'arsa ba, kuma wannan magana tun shari'ar Kodilinye da Odu ta 1935 ake maimaita ta. Na biyu, a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 Kotun Ƙoli ta ce hanyoyin tabbatar da mallakar ƙasa biyar ne: tarihin yadda wurin ya samo asali a hannun kakanni, ko takardun mallaka ingantattu, ko ayyukan mai abu da aka daɗe ana yi kamar gini da haya da sayarwa, ko daɗewa ana zaune ana mora, ko mallakar wurin da ke manne da shi ta yadda hankali zai ba da cewa duk na mutum ɗaya ne. Ɗaya ma ta isa idan ta tsaya da ƙafarta. Na bincika Dokar Amfani da Ƙasa daga farko har ƙarshe, babu wannan lissafi a ciki. Ba majalisa ce ta yi shi ba, alƙalai ne, a kan rigimar wata ƙasa a Warri, amma duk lauyan da ya tashi a shari'ar fili daga Sakkwato har Kalaba da shi yake farawa.

Ranar da na shiga akwatin shaida, magatakarda ya miƙo Alƙur'ani ya tambaya ko ina da alwala. Na rantse. Barista ya nuna mini bayanina na rubuce, na ce nawa ne, sa hannuna ne. Sai ya ɗauko takardar ciniki zai miƙa wa kotu. Kafin ta kai hannun magatakarda lauyan wancan ya miƙe tsaye, ya gyara baƙar rigarsa, ya ce bai yarda ba. Tafinta na gefena yana juya mini da Hausa ƙasa-ƙasa. Hujjarsa ita ce dokar rajistar takardun ƙasa ta ce takardar da ya kamata a yi wa rajista ba a yi ba, kotu ba za ta karɓe ta ba.

Barista ya tashi da kundi a hannu, ya sa yatsa inda ya maƙala 'yar takarda. Ya ce a shari'ar Benjamin da Kalio, wadda aka yanke a ƙarshen 2017, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli sun ce maganar abin da kotu za ta karɓa a matsayin hujja hurumin Majalisar Tarayya ne ita kaɗai, don haka dokar jiha ba ta isa ta hana karɓar takarda ba. Na ji sanyi a raina. Sai wancan ya sake miƙewa, shi ma da nasa kundin. Ya ce a 2019, a shari'ar Abdullahi da Adetutu, ita dai Kotun Ƙolin ta koma kan tsohuwar magana, kuma idan hukuncinta biyu suka ci karo na baya-bayan nan ake bi. Barista ya ce wancan zaman alƙalai biyar ne, nasa na bakwai ne. Ni dai ina tsaye ina zufa, ina kallon mutum biyu suna jan kotu ɗaya kowa zuwa gefensa, kamar 'ya'yan da uba ya yi wa kowannensu wasiyya daban.

Mai shari'a bai ɗago ba, yana ta rubutu da hannu, don kusan duk abin da aka faɗa sai ya rubuta da kansa. Da ya gama sai ya tambayi Barista, da wace manufa yake miƙa takardar? Barista ya ce, "Ya mai shari'a, don ta nuna an yi ciniki an biya kuɗi, an kuma damƙa wurin." Mai shari'a ya ce a kan wannan dai hukunce-hukuncen biyu ba su saɓa ba, ko na 2019 ɗin ya yarda a karɓi irin wannan takarda a matsayin shaidar biyan kuɗi. Ya karɓa, magatakarda ya buga mata hatimi ya sa mata lamba. A ganina wannan shi ne gwanintar aikin: bai ce Kotun Ƙoli ta yi daidai a nan ta yi kuskure a can ba, ya nemo inda maganganunta biyu suka haɗu ya tsaya a wurin.

Takardar banki ma sai da aka yi ja-in-ja a kanta, amma gajere. Tunda kwamfuta ce ta fitar da ita, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai an haɗa da takardar da ke bayanin na'urar da yadda aka fitar. Barista ya riga ya karɓo daga banki. Ya ce mini tsohuwar dokar shaida tun zamanin Turawa aka yi ta, a shekarun 1940, ba ta san kwamfuta ba, kotuna suka yi ta saɓani kan ko za a karɓi irin waɗannan takardu, har majalisa ta yi sabuwa.

Wannan ya sa na koma kundina in ga yadda ake yin doka tun daga tushe. Ƙudiri na iya fitowa daga ɓangaren shugaban ƙasa ko daga ɗan majalisa, a Majalisar Dattawa mai kujeru 109 ko ta Wakilai mai 360. Karatu na ɗaya sunansa kawai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, nan ne da yawa ke mutuwa. Wanda ya tsallake sai a miƙa wa kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, ya dawo da rahoto, zauren ya bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku. Sai a kai ɗaya majalisar ita ma ta yi nata. In an samu bambanci a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita. Shugaban ƙasa na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suka sake amincewa, ya zama doka ko bai so. An taɓa yin haka a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta, zamanin Obasanjo. A jiha majalisa ɗaya ce, gwamna ke sa hannu. Sannan akwai jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, maganar shaida na ciki, abin da lauyoyin nan biyu suka yi ta fafatawa a kai ke nan.

Ita kuwa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta fi kowace taɓa talaka mai fili, ba ta bi ko ɗaya daga waɗannan matakai ba. Dokar soja ce, gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da ita a watan Maris na 1978, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Kafin sojoji su sauka suka cusa ta cikin kundin tsarin mulki, yau tana ƙarƙashin sashe na 315. Gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundin: kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Shi ya sa ake ta maganar gyara shekara da shekaru ba a yi ba. To dokar da majalisa ta kasa taɓawa, kotu ce ke ta sassaƙa ta da fassara.

Misalin da ya kusa cinye ni shi ne shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989. Mutumin ya jinginar da gidansa na Legas da ya mallaka tun kafin 1978, da banki ya zo sayarwa sai ya ce jinginar ba ta inganta ba tunda ba a nemi izinin gwamna ba. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, ta ce har masu tsohuwar mallaka sai da izinin gwamna za su sayar ko su jinginar. Lauyan wancan ya rungumi wannan hukunci a jawabinsa na ƙarshe, ya ce cinikina rusasshe ne. Barista ya amsa da wani hukuncin na 1995, na kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, inda kotun ta ce ba laifi ba ne a ƙulla yarjejeniya kafin a nemi izini, cinikin dai bai kammala ba ne sai izinin ya fito. Har yanzu ina ganin na Ajilo hukunci ne mai ɗaci, mutum ya ci kuɗin banki sannan ya fake da abin da shi ya kamata ya nema. Amma ɗacinsa bai hana shi zama doka ba.

Shaidar da ta fi yi mini amfani ba takarda ba ce. Babban ɗan marigayin ne, tsoho mai shekara saba'in da wani abu, da aka kawo shi yana dogara sanda. Lauyan wancan ya yi ta juya shi, yana tambayarsa shekarar da aka haƙa rijiya. Ya ce, "Yaro, ni ban riƙe shekara ba. Na dai san ni na riƙa jan guga ana fitar da ƙasa, kuma a gidan aka yi mini kaciya." Kotu ta yi dariya, mai shari'a ya rubuta. Maƙwabta biyu suka tabbatar. Shi kuma mai satifiket, da Barista ya tambaye shi wa ya sayar masa, kuma wa ke wurin kafin a ba shi takarda, sai ya ce wani dillali ne ya yi masa komai, bai taɓa shiga ciki ba sai ranar da ya turo yashi. Aka tambaye shi ko ya ga katangar bulo da ƙofa. Ya ce ya gani.

Daga baya kotu ta tashi ta je wurin da kanta. Mai shari'a ya cire hular gashin nan, ya zagaya da magatakarda a bayansa, ya leƙa rijiya, ya duba inda tsohon harsashin ƙasa ya haɗu da sabon bulo, ya sa aka gwada tsawon gabas da yamma aka kwatanta da zanen safiyo da ke jikin satifiket. Yaran unguwa sun cika kan katanga suna kallo.

Bayan lauyoyi sun miƙa jawabansu na ƙarshe a rubuce, kundin tsarin mulki ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci, kuma ba a wuce ba. Karatun ya ɗauki fiye da sa'a guda. Ya bi hanyoyin nan biyar, ya ce magadan sun tabbatar da tsohuwar mallaka da daɗewar zama, kuma dokar 1978 da kanta ta ɗauki wanda ke da ginannen wuri a birni kafin zuwanta tamkar gwamna ya riga ya ba shi. Sai ya jawo shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, inda Kotun Ƙoli ta ce satifiket ba ya ƙirƙirar mallaka ga wanda ba shi da ita, kuma ba ya kashe haƙƙin wanda ya riga shi matuƙar ba a soke wannan haƙƙi ta hanyar da doka ta tsara ba. Game da ni ya ce wanda ya biya kuɗi aka damƙa masa wuri yana da haƙƙin da ƙa'idojin adalci ke karewa, ba mai ture shi sai wanda ya saya da zuciya ɗaya bai san da shi ba, shi kuwa wannan da bakinsa ya ce ya ga katanga. Ya hana shi da yaransa sake shiga, ya sa masa diyyar katangar da aka fasa, wadda ba ta kai kuɗin bulo da siminti na yau ba, balle kuɗin lauya.

A waje na tambayi Barista ko nawa hukuncin shi ma zai shiga kundayen nan. Ya ce da wuya, na Babbar Kotu bai ɗaure wata Babbar Kotu ba, sai dai in wancan ya ɗaukaka ƙara maganar ta hau sama, kuma yana da wata uku ya yi hakan. "In kana son sunanka ya shiga littafi, Alhaji, yi addu'a ya ɗaukaka." Na ce Allah ya kiyaye.

Wata ukun suka cika bai shigar da komai ba. Muka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi daga rajista, aka rubuta sabuwar takardar sayarwa magadan suka sake sa hannu, muka haɗa da zanen safiyo da takardar shaidar biyan haraji muka kai ma'aikatar ƙasa don neman izinin gwamna da rajista. Fayil ɗin na can yana bin tebur-tebur, ni kuma na sa magina sun toshe ɓarakar gabas.